ƘWAYOYIN GADO MASU ƘAURA DA SINADARIN DA KE ƘAURAR DA SU

A lokacin kaka, idan masara ta bushe aka shiga ɓare ta a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, ko kuwa aka zube ta a kasuwar Sara, akan ci karo da wadda tsabarta ba launi ɗaya ba ce. Wata tsabar fara, wata rawaya, wata shunayya, duk kuwa a jikin totuwa ɗaya. Wannan ba shi da wuyar bayani. Kowace tsaba da silin gemunta, kuma kowane sili da ƙwayar bununin da iska ta kawo masa, wani daga wannan gona, wani daga gonar maƙwabci. Wato 'ya'yan uwa ɗaya ne, amma ubanni daban-daban.

Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne tsaba guda ɗaya tak ta fito fara, amma da ɗigo-ɗigo ko zane-zanen shunayya a jikinta. Uwarta ɗaya, ubanta ɗaya, to me ya raba launin jikinta biyu? Sau da yawa amsar ita ce, wani guntu ne na abin gadonta ya tashi daga mazauninsa ya koma wani wuri a daidai lokacin da tsabar ke girma. Shi kuwa wannan guntu ba ya iya tashi da kansa, sai wani sinadari ya yanko shi, ya ɗauke shi, ya ɗinka shi a sabon wuri. Siffar wannan sinadari da yadda yake aiki su ne abin da wannan darasi ya ƙunsa.

Zaren gado da haruffansa

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ake kira tantanin halitta. A cikin kowane tantani akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda yake da sili biyu a tufke kamar igiya. A jikin kowane sili an jera haruffa iri huɗu: A, T, G da C. Dokarsu ita ce, A na wannan sili kullum tana fuskantar T ta ɗaya silin, G kuma tana fuskantar C. An naɗe zaren a dunƙule-dunƙule da ake kira kuromosom. Masara da dawa kowace tana da su tagwaye 10, ɗan Adam kuwa tagwaye 23.

Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan zare wanda ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Daga cikin furotin akwai wani rukuni da ake kira inzayim, aikinsu shi ne gaggauta haɗuwa ko rabuwar sinadarai ba tare da su kansu sun ƙare ba. Inzayim ne a cikin yawu ke sa burodi ya fara zaƙi idan an daɗe ana tauna shi, kuma inzayim ne a cikin ganyen gwanda ke tausasa nama. Wanda ake magana a kansa a nan masana na kiran sa tiransifozes, shi kuwa guntun zaren da yake ɗauka tiransifozon. Domin sauƙi, za a kira na farkon sinadarin ƙaura, na biyun kuma ƙwayar gado mai ƙaura. Sai dai ɗalibi ya kula da lanƙwasar harafin, kada ya rikita ƙaura ta sauya mazauni da kaura irin ta dawa.

Matar da ta karanta masara

Har zuwa shekarun 1940 masana sun ɗauka cewa kowace ƙwayar gado tana zaune daram a wurinta a kan kuromosom, kamar ƙwayar carbi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Barbara McClintock, wadda aka haifa a 1902, ita ce ta rushe wannan zato. Tana noma masararta a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke jihar Nuyok, tana barbarar ta da hannunta, tana ƙirga ɗigon da ke jikin tsaba, tana kuma duba kuromosom a madubin ƙara girma. Tsakanin 1944 da 1948 ta gano wasu abubuwa biyu da ta raɗa wa suna Ac da Ds, ta kuma tabbatar cewa suna sauya mazauni.

Ga yadda suke haifar da ɗigon. Akwai ƙwayar gado da ke sa fatar tsaba ta yi shunayya. Idan Ds ta faɗa tsakiyarta, umarnin ya ɓaci, tsaba ta fito fara. Amma idan a wani tantani Ds ta tashi ta bar wurin, umarnin na iya gyaruwa, sai wannan tantani da duk waɗanda suka tsiro daga gare shi su yi shunayya. In ta tashi da wuri, tun tsabar na ƙarama, ɗigon yakan yi faɗi. In ta makara, sai a ga ƙanana birjik kamar an yayyafa shuni. McClintock ta lura kuma cewa Ds ba ta motsi sai akwai Ac a cikin tantanin.

Ta gabatar da wannan sakamako a wani taron masana a 1951, amma kaɗan ne suka fahimce ta. Sai da aka ga irin wannan ƙaura a jikin bakteriya a shekarun 1960 da 1970 sa'an nan aka dawo kan maganarta. An ba ta kyautar Nobel a 1983, ita kaɗai, tana da shekara 81. A wannan shekara ce Nina Fedoroff da abokan aikinta suka ware Ac da Ds daga zaren masara. Da aka karanta haruffan, sai ga dalilin da ya sa Ds ke jiran Ac. Ac tana da haruffa wajen 4,565, kuma a tsakiyarta akwai umarnin ƙera sinadarin ƙaura. Ita kuwa Ds bakunanta biyu iri ɗaya ne da na Ac, amma umarnin da ke tsakiya ya gutsure ko ya ɓace. Ds fasinja ce da ta ɗaure kayanta tana zaune a tasha, Ac ce mai mota.

Dawa ma, wadda ita ce babban abincin kudancin Jigawa, ba a bar ta a baya ba. A 1999 Surinder Chopra da abokan aikinsa a Amurka suka ware ƙwayar gado mai ƙaura ta farko da aka samu tana kan aiki a jikin dawa. Tsawonta kimanin haruffa 23,000 ne, tana zaune cikin ƙwayar gadon da ake kira y1, wadda ke sa fatar tsaba ta yi ja. Dawar da ke ɗauke da ita takan fito fara da jan zane-zane.

Siffar sinadarin ƙaura

Kafin a duba sinadarin, sai a fara duba abin da yake kamawa. Kowace ƙwayar gado mai ƙaura irin wannan tana da alama a bakunanta biyu, wato 'yan haruffa da aka maimaita amma a juye. Alal misali, idan silin sama ya fara da GATTC a hagu, zai ƙare da GAATC a dama. Wanda ya bi dokar A da T, G da C, ya karanta silin ƙasa daga dama zuwa hagu, zai sake samun GATTC. Ke nan duk bakin da sinadarin ya tunkara daga waje, kalma ɗaya zai karanta. A jikin Ac wannan alama haruffa 11 ce.

Sinadarin ƙauran da aka fi sanin siffarsa shi ne na wata ƙwayar gado mai ƙaura ta bakteriya da ake kira Tn5. A shekarar 2000 masana a Jami'ar Wiskonsin, cikinsu har da William Reznikoff da Ivan Rayment, suka daskarar da shi yana riƙe da bakunan zaren, suka haska shi da hasken eksire, suka zana matsayin sassansa. Sarƙa ce ta amino asid 476 wadda ta naɗe ta kasu kashi uku. Kashin farko shi ne hannu, shi ke gane alamar bakin zaren, mai haruffa 19, ya riƙe ta. Na tsakiya shi ne bakin almakashi, a nan ake yanka da ɗinki. Na ƙarshe yana da hannu wajen cuɗanyar sinadarin da ɗan'uwansa.

A cikin kashin tsakiya akwai amino asid uku da suka fi sauran muhimmanci: asfatet biyu, a matsayi na 97 da na 188, da gulutamet ɗaya a matsayi na 326. Ana taƙaita sunayensu da D, D da E. A kan sarƙar suna nesa da juna, amma idan ta naɗe sai su haɗu wuri ɗaya kamar duwatsun murhu. Dukkansu cajinsu na lantarki mai ragi ne, saboda haka suna janyo ƙwayoyin magnesiyam biyu masu cajin ƙari, su girke su a tsakiya. Waɗannan magnesiyam su ne kaifin almakashin. Su ke riƙe ƙashin bayan zaren a daidai gaɓar da za a yanke, su kuma shirya ƙwayar ruwan da za ta yanke ta. Idan aka sauya ko da ɗaya daga cikin duwatsun murhun nan uku, sinadarin zai iya kama zare, amma yanka ya gagare shi.

Abin da ya fi burgewa a wannan siffa shi ne, sinadarin ba ya aiki shi kaɗai. Guda biyu ne ke haɗuwa, kowane ya riƙe baki ɗaya da hannunsa. Amma fa bakin da wannan ya riƙe, almakashin ɗan'uwansa ne ke yanke shi. Kamar wanzamai biyu ne, kowane na aske kan da ɗayan ya riƙe. Hikimar wannan tsari ita ce, ba za a taɓa yanka ba sai bakunan biyu sun haɗu wuri guda. Da a ce kowane sinadari zai yanke bakin da ya kama shi kaɗai, da kuromosom ya riƙa karyewa a banza, ƙwayar gadon ba ta ƙaura ba, tantanin kuma ya mutu da ita a ciki.

Ba duk sinadaran ƙaura ne ke tafiya bibbiyu ba. Na wata ƙwayar gado mai suna Hermes, wadda ke jikin ƙudan gida kuma dangi ce ga Ac, an gano a 2014 cewa guda takwas ne suke haɗuwa su yi zobe. Duk da haka, duwatsun murhun nan uku suna nan a cikinsa.

Yanka, kalmasa da ɗinki

Bayan bakunan Tn5 sun haɗu, aikin matakai huɗu ne a kowane baki, kuma almakashi ɗaya ne ke yin su duka. Da farko ƙwayar ruwa ta yanke sili ɗaya, ta bar wani tsini mai ƙaiƙayin haɗuwa, wanda ake kira 3'-OH. Wannan tsini sai ya juyo ya sari sili na biyu da ke fuskantarsa, ya manne da shi. Da haka ƙwayar gadon ta rabu da kuromosom ɗungurungum, bakinta kuma ya rufe kamar tela ya kalmashe bakin zane. Daga nan wata ƙwayar ruwa ta warware kalmasar, tsinin ya sake bayyana. A mataki na huɗu, sinadaran biyu, har yanzu riƙe da kayansu, su kama wani zaren DNA, tsinin kowane baki ya sari sili ɗaya ya manne da shi. A nan yanka da ɗinki abu ɗaya ne, domin ƙarfin gaɓar da aka ɓalle shi ake ƙulla sabuwa da shi. Shi ya sa aikin ba ya bukatar makamashi daga waje.

Saran biyu ba a daidai wuri ɗaya suke faɗawa ba. Na silin sama da na silin ƙasa akwai tazarar haruffa 9 a tsakaninsu. Saboda haka bayan an ɗinka, akan bar giɓi a kowane gefe, sai masu gyaran zare na tantanin su zo su cike. Sakamakon shi ne haruffa 9 ɗin nan su bayyana sau biyu, a hagu da dama. A wajen Ac haruffa 8 ne. Wannan shi ne sawun ɓarawo. Da shi masana ke gane inda ƙwayar gado mai ƙaura ta sauka, ko da miliyoyin shekaru sun shuɗe.

Akwai wani babban rukuni kuma da ba ya barin mazauninsa. Shi kwafin kansa yake yi a kan RNA, a mayar da kwafin DNA, sa'an nan a dasa shi a wani wuri. Wannan rukuni ne ya cika zaren tsirrai. Da aka karanta zaren masara a 2009, an samu kimanin kashi 85 cikin 100 nasa ƙwayoyin gado masu ƙaura ne da ɓaraguzansu. A dawa sun haura rabi, a ɗan Adam kuwa wajen kashi 45. Da yawa daga cikin na masara da dawa suna amfani da wani sinadarin dasawa mai suna intagires, wanda shi ma D, D da E ne a bakin almakashinsa.

To, me ya hana su yi kaca-kaca da zaren? Dalili shi ne akwai takunkumi iri-iri. Tn5 da kanta takan ƙera wani gajeren furotin da ke manne wa sinadarin ƙauranta ya hana shi aiki, har ya zama da ƙyar ake samun ƙaura ɗaya a cikin bakteriya 100,000 a zubi guda. Tsirrai kuwa sukan liƙa wa haruffan ƙwayar gadon wani ɗan sinadari mai suna metil, su rufe mata baki. Mafi yawansu ma sun daɗe da lalacewa.

Daga gona zuwa asibiti

A masara abin bai wuce ado ba. A bakteriya kuwa magana ce ta rai da mutuwa. Tsakanin bakunan Tn5 akwai ƙwayoyin gado uku da ke ba bakteriya kariya daga magunguna, ciki har da kanamaisin da sitiraftomaisin. Tn10 tana ɗauke da kariya daga tetarasakilin, Tn3 kuma daga amfisilin. Sunan tiransifozon ma wajen nazarin kariya daga amfisilin ne Hedges da Jacob suka ƙirƙiro shi a Landan a 1974. Sinadarin ƙaura kan ɗauki wannan kariya ya ɗora ta a kan wani ƙaramin zoben DNA da ake kira filasmid, shi kuwa filasmid yakan tsallaka daga wata bakteriya zuwa wata, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ta haka kariyar da ta taru a hanjin kaza ko saniya ke iya isa ga bakteriyar da ke sa wa yaro gudawa.

Ba magani ne ke ƙirƙiro waɗannan ƙwayoyin gado ba, suna nan tun kafin a san kafso. Abin da magani ke yi shi ne share fage. Duk lokacin da aka sayi kafso biyu ko uku a tiren mai talla aka sha ba bisa ƙa'ida ba, ko aka zuba wa kaji a ruwan sha ba tare da ciwo ba, bakteriya marasa kariya ne ke mutuwa, masu kariya su samu fili su hayayyafa. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wannan ne amfanin gwajin da ake yi a ɗakunan gwaji na manyan asibitoci, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda akan shuka bakteriyar majiyyaci a faranti a ga maganin da ke kashe ta kafin a rubuta masa.

Sanin siffar almakashin ya yi rana a wani fagen. Ƙwayar cutar ƙanjamau ba ta iya zama a jikin mutum sai ta dasa zarenta cikin nasa, kuma da intagires take yin haka. A 1994 aka zana siffar tsakiyar wannan sinadari, aka ga ginin iri ɗaya ne, da D, D da E a matsayi na 64, 116 da 152. Maganin dolutegirabir, wanda ke cikin haɗin TLD da ake bai wa masu ɗauke da cutar a Nijeriya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi a 2019, yana shiga ne tsakanin duwatsun murhun ya kama magnesiyam biyun nan. Almakashi ya dakushe, dasawa ta gagara.

Jikin ɗan Adam ma ya mallaki irin wannan almakashi, ya mai da shi na gida. Fararen ƙwayoyin jini na iya ƙera garkuwa iri-iri har miliyoyi ta hanyar yanka wasu guntayen zarensu su sake haɗa su. Masu yankan su ne RAG1 da RAG2, kuma suna yin kalmasa irin wadda aka bayyana a sama. A 1998 aka nuna a kwalbar gwaji cewa suna iya ƙaurar da guntun zare kamar kowane sinadarin ƙaura, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa asalinsu ƙwayar gado ce mai ƙaura da ta shiga jikin kakannin dabbobi masu muƙamuƙi kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce. Jaririn da aka haifa RAG ɗinsa ba ya aiki, ba shi da garkuwar jiki.

Aiki a aji

Wannan darasi ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Bayan girbi malami na iya sa ɗalibai su tattaro masara mai launi-launi daga gida ko kasuwa, su ware wadda kowace tsabarta launi ɗaya ce cif daga wadda ɗigon ke cikin tsaba guda. Ta biyun ba ta cika yawa ba, sai an tona. In an same ta, a duba da gilashin ƙara girma, a tantance ɗigon da ya nuna ƙaura da wuri da wanda ya nuna an makara.

Domin nuna sawun, a yanko doguwar takarda, a rubuta layi biyu na haruffa masu fuskantar juna bisa dokar A da T, G da C. A yanke layin sama a wuri ɗaya, a yanke na ƙasa bayan haruffa 9, a raba takardar ta tsakanin layukan. A sa wata takarda mai launi daban a tsakiya, ta taɓa dogon bakin kowane ɓangare, a manne da gam. Daga nan a bar ɗalibai su cike giɓin da ya rage a hagu da dama da fensir, sa'an nan su karanta haruffan da suka fito a gefe biyu na baƙuwar takardar.